Ɗan Dakon Yadi Ashirin na Ƙarshe

Tirela takan taso daga Legas da dilolin atamfa, ta ci kilomita kusan 1,000, ta iso Kano lafiya lau. Duk da haka ba a cewa kaya sun iso sai sun shiga sito, shi kuwa sito yana can ƙurya cikin Kantin Kwari, bayan wani layi da mutum biyu ba sa wucewa kafaɗa da kafaɗa sai ɗaya ya karkace. Nan ƙarfin inji yake ƙarewa. Taku kaɗan ne suka rage, amma ba mai yin su sai ɗan dako. Shi ne zai tsaya gindin mota a zuro masa dila daga sama, ya karɓe ta a wuya ba tare da ta taɓa ƙasa ba. Shi ne kuma zai shige gaba yana "hanya, hanya," jama'a na darewa, mai kaya na bin bayansa cikin gurbin da ya buɗe. Aiki biyu ne a jiki ɗaya, karɓar abin da ya zo daga sama da buɗe hanya inda ta toshe. Ranar da bai fito ba, kaya ba sa ɓata, mota ma ba ta lalace ba, sai dai a wuni ana kallon sito daga bakin titi.

A ƙwallon Amurka, wadda ake cafkewa da hannu a ruga da ita, akwai ɗan wasa mai irin wannan aiki. Can suna ce masa tayit-en, mu a nan za mu kira shi ɗan gefen sahu, don a gefen sahun ƙattin gaba yake tsayawa. Kafin a gane nauyin rashinsa, sai an san yadda filin yake. Tsakanin layin ci na wannan ƙungiya da na waccan yadi 100 ne, bayan kowane layi kuma akwai gidan ci mai zurfin yadi 10. Faɗin filin yadi 53 ne da 'yar ɗoriya. Kowane ɓangare mutum 11. Masu kai hari suna da dama huɗu su ci yadi 10, in sun ci a sabunta musu. Wanda ya kutsa gidan ci riƙe da ƙwallo, ko ya cafke ta a ciki, ya kawo babban ci mai maki 6, sai ƙarin bugu mai maki 1 da kusan kullum ake samu. In abu ya gagara, sai a kira mai bugu ya ɗaga ƙwallon tsakanin sanduna a tashi da maki 3. Yadi 20 na ƙarshe kafin layin ci shi ne jan yanki, kuma lissafinsa bai wuce wannan ba: ko 7, ko 3. Ƙungiya takan isa can sau uku ko huɗu a wasa, kowace zuwa kuwa akwai maki 4 da ke rataye.

Me ya sa wurin yake da wuya haka? Saboda fili yana tsukewa ta fuska ɗaya. Ƙungiyar da ke tsakiyar fili tana da yadi 60 a gabanta har bangon ƙarshe, don haka dole masu tsaro su ajiye mutum ɗaya ko biyu can nesa, gudun kada wani ɗan cafka mai gudun tsiya ya wuce su a jefa masa ƙwallo ta sama. Wannan tsoron shi ke buɗe sarari a ƙasa. Amma in an zo yadi na 8, abin da ya rage gaba ɗaya yadi 18 ne har da gidan ci. Mai gudu ba shi da inda zai gudu, layin baya da kansa ya zama mai gadi na goma sha biyu. Masu gadin baya sai su matso, mutum 22 su cunkusu a wuri guda, ƙofofin jifa su koma 'yan ƙanana masu buɗewa da rufewa cikin ƙiftawar ido. Gudun da ya kawo ƙungiya tun daga wancan gefe ya gama aikinsa, kamar yadda tirela ta gama nata a bakin kasuwa. Abin da ake bukata yanzu jiki ne: tsawo, faɗin ƙirji, hannun da ba ya saki ko an doke shi, da ƙafar da ba ta ja da baya in an ture ta.

Dokar wasa ta hana ƙatti biyar na tsakiyar sahu cafke jifa, aikinsu tura da karewa kawai. Ɗan gefen sahu yana tsaye kafaɗa da kafaɗa da su, jikinsa ya kusa nasu, amma shi doka ta ba shi damar fita ya cafka. Rob Gronkowski na New England Patriots tsawonsa ya kusa mita 2, nauyinsa kilo 120 ko kusa da haka. Masu gadin gefe da ke da saurin bin sa galibi ba su wuce kilo 90 ba, sai ya tare su da ƙirji ya ɗauki ƙwallon a samansu. 'Yan tsakiyar tsaro da ke da jikin ja da shi kuma ba su da ƙafar bin sa. A kakar 2011, shekararsa ta biyu a gasar NFL, ya cafke babban ci 17, abin da wani ɗan gefen sahu bai taɓa yi ba a kaka ɗaya. Ba mamaki kuma da yawa daga gwanayen wannan gurbi daga ƙwallon kwando suka fito. Antonio Gates bai buga ƙwallon Amurka a jami'ar Kent State ba, kwando ya buga, ya zo ya yi ritaya da babban ci 116. Tony Gonzalez ma ya buga kwando a jami'a, ya tara 111. Abin da suka koyo ƙarƙashin kwando, wato sa abokin hamayya a bayanka ka tashi sama ka karɓa, shi ne ainihin sana'ar jan yanki. Mai jifa ba ya jiran ya ga irin waɗannan sun kuɓuce wa mai gadi. Yana ajiye ƙwallon a inda hannunsu kaɗai zai kai.

Wannan ita ce asarar da kowa ke gani, wadda ake ƙirgawa a jarida. A ganina ba ita ce babba ba.

Babbar asarar ita ce sirri ya tonu. Kafin kowane kai hari, kocin masu tsaro yana kallon waɗanda abokan hamayya suka turo fili, ya tura nasa daidai da su. In ya ga ƙatti, ya san gudu za a yi, sai ya turo ƙatti. In ya ga 'yan cafka huɗu, ya san jifa ce, sai ya turo masu sauri. Ɗan gefen sahu na ƙwarai shi ne mutumin da ganinsa ba ya gaya wa koci komai. In an turo masa ƙato, sai ya fita can gefen fili ya tsaya kamar ɗan cafka, ƙaton ya bi shi dole zuwa inda bai saba ba. Haka aka yi a Super Bowl, wato wasan ƙarshe na gasar, na Fabrairun 2015, inda Gronkowski ya tsaya a gefe, ɗan tsakiyar tsaron Seattle K.J. Wright ya bi shi, mai jifa Tom Brady ya jefa masa babban ci daga yadi 22. In kuma an turo masa ƙaramin mai gadi, sai mai jifa ya canza shiri a bakin sahu, a miƙa wa mai gudu ƙwallo ya bi ta gefensa, shi kuwa ya kwashe ƙaramin ya yi gaba da shi. Akwai ma ta uku, wadda ta fi kowace ciwo kusa da layin ci: mai jifa ya yi kamar zai miƙa wa mai gudu, ɗan gefen sahu ya yi kamar yana tura na daƙiƙa ɗaya, masu tsaro su rugo gaba, shi kuma ya zame ta bayansu ya tsaya shi kaɗai a gidan ci. Wannan dabara tana ci ne kawai don masu tsaro sun yarda mutumin yana iya tura da gaske, sun sha jin kafaɗarsa tun farkon wasa.

To, cire shi ka ga abin da zai biyo baya. Yawancin ƙungiyoyi suna da na biyu da na uku a benci, sai dai kusan kullum kowannensu rabin aikin ya iya. Ɗaya mai tura ne wanda hannunsa ba abin dogaro ba ne, ɗaya kuma ɗan cafka ne da ya ɗan yi jiki, in aka ce ya tare ƙaton gefe sai a wuce ta kansa. Duk wanda koci ya turo daga cikinsu, ya sanar da niyyarsa ke nan. Wasu sukan ƙara ƙato na shida a gefen sahu, amma doka ta ce sai ya je ya gaya wa alƙalin wasa, alƙali kuma ya shelanta wa fili gaba ɗaya cewa lamba kaza yana da damar cafka, kowa kuma ya san da wuya a jefa masa. Haka yake a kasuwa ranar da ɗan dako bai zo ba. Karen mota yana da ƙarfin ɗauka amma bai san layukan ba, yaron shago ya san layukan amma dila ta fi ƙarfin wuyansa. Sai a kasa aikin mutum ɗaya gida biyu, a kwance dila a riƙa kai ta turmi-turmi, abin da ake gamawa kafin azahar ya kai magariba.

Ciwon ba ya tsayawa a gurbinsa, yaɗuwa yake yi. Mutum biyun da masu tsaro kan sa wa ɗan gefen sahu, ɗaya a ƙasa ɗaya a sama, yanzu sun samu 'yanci, sai su koma kan babban ɗan cafkan ƙungiyar. Mai gudu yana isa bakin sahu ya tarar da mutumin da a da ake kwashe masa. Mai jifa ya rasa wanda yake jefa wa in an matsa masa, sai ya riƙe ƙwallo rabin daƙiƙa fiye da kima, a nan kuwa rabin daƙiƙa ya isa a kayar da shi ko a tsinke jifar. Koci sai ya koma kan jifa mai lanƙwasa zuwa kusurwar gidan ci, wadda ake yi da fatan alheri fiye da tabbaci. A tsakiyar fili ba lallai a lura da komai ba, ƙungiya tana iya tara yadi kamar kullum. Shi ya sa mai duba jimillar yadi kaɗai yakan ce ba abin da ya canza, alhali allon maki yana nuna 3 a inda a da yake nuna 7.

Patriots sun ɗanɗana wannan sau da yawa, domin Gronkowski mutum ne da rauni bai bar shi ya huta ba. A Nuwamban 2012 ya karya hannu a wasa da Indianapolis Colts, kuma a wajen tura ne, lokacin bugun ƙarin maki 1, wasan ma an riga an gama cin sa. Ya dawo, ya sake karya hannun a Janairun 2013 a karawa da Houston. Mako guda bayan haka Baltimore Ravens suka zo Foxborough, gidan Patriots, wasan da zai fitar da mai zuwa Super Bowl. Patriots suna da wani ɗan gefen sahun, Aaron Hernandez, amma shi ya fi kusa da ɗan cafka, ba a tsoron turarsa. Kafin hutun rabin lokaci sun shiga jan yanki sau uku, suka fito da babban ci ɗaya da bugun sanduna biyu, na biyun har da ɓarnar lokaci a ciki. Aka tafi hutu 13 da 7, wasan da zai iya zama 21 da 7. Bayan hutu ba su ƙara ko maki ɗaya ba, Ravens suka ci 28 da 13, kuma cin da ya juya wasan ɗan gefen sahunsu ne, Dennis Pitta, ya cafke shi daga 'yar gajeriyar jifa.

Kakar 2013 ta fi muni, ko da yake adalci ne a ce ba rashin mutum ɗaya ba ne: ɗan cafka Wes Welker ya koma Denver, an kori Hernandez bayan kama shi. Gronkowski bai buga wasanni shida na farko ba, ya buga bakwai, sai gwiwarsa ta tsinke a Disamba a wasa da Cleveland. Brady da ya jefa babban ci 39 a 2011 da 34 a 2012 ya tashi da 25. Mai bugunsu Stephen Gostkowski kuwa ya ci bugun sanduna 38, ba wanda ya fi shi a gasar. In mai bugun ƙungiya ya yi irin wannan fice, a duba jan yankinta.

Abin da ya burge ni a waccan kaka shi ne kocinsu Bill Belichick bai tsaya neman wani Gronkowski ba. Ya canza hanyar shiga gaba ɗaya. A Janairun 2014, a zagayen sili-ɗaya-ƙwale, Patriots suka doke Colts 43 da 22 da babban ci shida, dukansu da gudu, huɗu na LeGarrette Blount, biyu na Stevan Ridley, Brady bai jefa ko ɗaya ba. Tunda sirri ya riga ya tonu, sai suka daina ɓoyewa, suka dogara da ƙarfi tsagwaronsa. Sai dai irin wannan yana ci ne a kan wanda ka fi ƙarfi. Mako na gaba Denver ta toshe gudun, ta fitar da su 26 da 16.

Maganin da ya fi aiki shi ne wanda aka tanada tun kafin ciwo. A 2016 Patriots suka ɗauko Martellus Bennett daga Chicago, ɗan gefen sahu cikakke mai tura da cafka, alhali Gronkowski yana nan da lafiyarsa. Da bayan Gronkowski ya motsa aka yi masa tiyata a Disamba, tsarin bai rushe ba. Bennett ya gama kakar da babban ci 7. A Super Bowl da Atlanta, wanda Patriots suka farfaɗo daga 28 da 3, Bennett aka jefa wa a ƙarin lokaci, mai gadinsa ya riƙe shi ba bisa ƙa'ida ba, aka ajiye ƙwallo a yadi na 2, mai gudu James White ya kutsa suka ci 34 da 28. Laifin da aka jawo wa mai gadi ba ya shiga lissafin cafka, amma shi ya buɗe ƙofar.

Akwai abin da ke damuna a nan, kuma ya shafi haƙƙi. Mai aiki biyu ba kasafai ake biyan sa kuɗin ko da ɗaya cikakke ba. Jimmy Graham na New Orleans Saints ya cafke babban ci 16 a 2013, fiye da kowane ɗan cafka a gasar. Da aka zo batun kwantiragin shekara ɗaya da ƙungiya ke ɗaure babban ɗan wasanta da shi, kuɗin ɗan gefen sahu dala miliyan 7 ne da kaɗan, na ɗan cafka kuwa ya haura miliyan 12. Graham ya kai ƙara cewa yawancin lokaci a gurbin 'yan cafka yake tsayawa. A Yulin 2014 mai sasanci ya yanke cewa shi ɗan gefen sahu ne. Wato tsayuwar da yake yi wani lokaci cikin ƙatti ita ta rage masa farashi. Wanda ya san abin da ake miƙa wa ɗan dako bayan ya kai dilar dubban ɗaruruwa sito ba zai yi mamaki ba, amma sabo da abu bai mai da shi daidai ba.

Cafkar Gronkowski ta ƙarshe a rigar Patriots ta tattara duk wannan bayani. Super Bowl na Fabrairun 2019 da Los Angeles Rams yana 3 da 3 a zangon ƙarshe. Patriots suka turo manyan jiki, 'yan gefen sahu biyu da mai share wa mai gudu hanya, Rams suka amsa da nasu manyan. Sai Patriots suka baza mutanen nan a faɗin fili kamar 'yan cafka. Brady ya jefa wa Gronkowski yadi 29, ya faɗi da ita a yadi na 2, mai gudu Sony Michel ya shiga. Shi ne babban ci ɗaya tilo a wasan, aka tashi 13 da 3. A watan da ya biyo baya Gronkowski ya sanar da ritaya.

Wannan karon ba a tanadi kowa ba. Patriots suka shiga kakar 2019 da Benjamin Watson mai shekara 38, wanda ya dawo daga ritaya, da wasu matasa biyu, kuma dukan 'yan gefen sahunsu babban ci biyu kacal suka cafke a kakar. James Develin mai share hanya ma ya ji rauni, har sai da aka ɗauko ɗan tsakiyar tsaro, Elandon Roberts, aka sa shi a gurbin. Ranar 4 ga Janairun 2020 Tennessee Titans suka zo Foxborough. Kafin hutu Patriots suka samu dama ta farko a yadi na 1. Sau uku suna miƙa wa mai gudu, sau uku ana tare shi, domin ba wani a filin da zai sa masu tsaron Tennessee su yi shakkar rugowa gaba. Aka buga sanduna, maki 3. Titans suka karɓi ƙwallo suka ci nasu babban cin, wasa ya tsaya 14 da 13 har daƙiƙun ƙarshe, kafin a tsinke jifar Brady a tashi 20 da 13. Wasansa na ƙarshe ke nan a New England. Babban cin farko na Titans a daren nan kuwa ɗan gefen sahu ne ya cafke, Anthony Firkser, wanda ko zaɓarsa ba a yi ba lokacin da ya gama jami'a.

Brady ya koma Tampa Bay, Gronkowski ya fasa ritaya ya bi shi, ya cafke babban ci biyu a Super Bowl na Fabrairun 2021. Wata guda bayan haka Belichick, wanda aka san shi da riƙe aljihu a kasuwar 'yan wasa, ya sa hannu da 'yan gefen sahu biyu a mako ɗaya: Jonnu Smith daga Titans ɗin nan a kan dala miliyan 50 na shekara huɗu, da Hunter Henry a kan miliyan 37.5 na shekara uku. Smith bai yi abin da aka sa rai ba. Henry kuwa, da sabon mai jifa Mac Jones da bai taɓa buga NFL ba, ya cafke babban ci 9 a kakar 2021, Patriots suka koma zagayen sili-ɗaya-ƙwale bayan shekara ɗaya a waje.